Bawul a Ƙirji, Ƙaho a Baya

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya bar mini numfashin da zan zauna in rubuta wannan. Sunana Ado, shekarata goma sha bakwai, kuma a iya sanina duk faɗin Haɗeja ni kaɗai ne idan aji ya yi tsit ake jin zuciyarsa tana aiki daga benci na uku. Akwai bawul na ƙarfe a ƙirjina. Sau biyu na kusa barin duniya a kan wannan ciwo. Na farko kafin a sa bawul ɗin. Na biyu bayan an sa, a tsakar gidanmu, da hantsi, a hannun mutanen da suka fi kowa ƙaunata. Saboda na biyun na ɗauki biro. Duk gidan da Allah ya jarraba da irin jinyata, a karanta wa tsofaffin gidan wannan da babbar murya.

Tun da gaskiya za a faɗa, in fara da kaina. Ni mutum ne mai ƙara wa zance gishiri. In na kama tarwada mai tsawon hannuna, kafin in iso ƙofar gida ta kai tsawon ƙafata, kafin magariba kuwa kokawa muka yi da ita har ta kusa nutsar da ni. Ciwo ma haka. Da zarar shinkafa ta fara nuna, Baba ya ce a tafi fadama korar tsuntsayen jan-baki, nan take cikina ke murɗawa. Na yi ciwon ciki na ƙarya da ya isa a raba wa unguwa guda.

Ni ne ɗan fari a gidanmu, don haka Baba da Inna ba sa kama sunana, ba sa kuma nuna sun damu da ni a gaban mutane. Baba “yaron nan” yake cewa, Inna kuma “ɗan Iya”. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ɗakin Iya, mahaifiyar Baba, a can na tashi. Tsakanina da Iya kuwa babu wata magana sai ta wasan kaka da jika. Ita ta ce mini maigida, ko angon banza, ko mai kunnen zomo. Ni in ce mata amarya, in ce na sake ta in ba ta ƙara mini man shanu a tuwo ba. Ban tuna ranar da muka yi zance ɗaya mai nauyi ni da ita ba kafin wannan ciwo.

Ina da shekara goma na yi ciwon maƙogwaro mai zafi, da zazzaɓi. Aka kira Wanzam Ilu, wanzamin gidanmu tun zamanin kakana, ya duba ya ce beli ne, ya cire. Bayan mako uku gwiwata ta kumbura. Ta sace, idon sawu ya ɗauka, shi ma ya sace, gwiwar hannu ta karɓa. Iya ta yi ta gasa mini da tsumma da ruwan zafi har abin ya wuce, kowa ya manta.

Shekara biyar bayan haka, ina aji biyu a sakandare, muka je kogi da abokaina bayan damina, ruwa ya fara ja baya. Muka yi tseren iyo zuwa ɗaya gaɓar, abin da na saba yi ina waƙa. A tsakiyar ruwa numfashina ya ƙare ƙaf, kamar an toshe bakin tulu. Abokina Habu ne ya turo mini gorar wani masunci na rungume, ya ja ni gefe.

Da na koma gida na ce, “Iya, yau numfashina ya ƙare a tsakiyar kogi.”

Ta ce, “Da ya ƙare, da wa ke cika mini kunne yanzu? Shinkafa ce ta nuna, na sani. Tashi ka ɗebo mini ruwa.”

Mako na biyu, in na ɗauko tulu daga rijiya sai na huta sau uku. Mako na uku, kwanciya ta gagara, sai a zaune nake barci na jingina da bango. Mako na huɗu takalmina ya ƙi shiga. Iya ta zo tana cewa maigida ya fara ƙiba da tuwonta, ta danna babban yatsanta a ƙwaurina don tsokana. Da ta ɗaga, ramin ya zauna kamar an danna ƙullin fura. Ta tsaya tana kallon ramin, ni kuma ina kallonta.

Daga nan masu ba da shawara suka cika gida. Wata ta ce mutanen ruwa ne suka shafe ni a kogi, a yanka baƙar kaza a gaɓa. Wani ya ce hanta ce. Wani ya rantse sammu ne saboda ina cin jarrabawa, wanda duk ya ga sakamakona zai san wannan bai san ni ba. Na sha rubutu, na sha saiwa mai ɗacin da ya sa na ga kakannina bakwai, an turara ni har na fara ƙamshin bandar kifi. Tunkiyar Iya ta tafi a wannan hidima. Kumburi kuwa ya hau har ciki.

Shugaban makarantarmu ne ya aiko a kai ni asibitin gari. Muka bi layi tun bayan asuba, ba a kai kanmu ba sai azahar. Malamin asibitin ya ɗora abin awo a ƙirjina, ya daɗe yana saurare, ya kira ɗan uwansa shi ma ya saurara. Ya rubuta takarda ya ce Kano, kuma kada a kwana biyu.

Muka hau jirgin ƙasa a Malam Maduri ni da Baba. Har muka isa Kano bai ce mini uffan ba, amma duk tashar da aka tsaya sai ya sayo wani abu ya ajiye a gefena yana kallon taga. A Kano ya damƙa ni ga Kawu Sule, ƙanin Inna, wanda ke aikin akawu, ya juya don shinkafa ba ta jira.

Kwana uku muna zarya kafin mu ga babban likita. Ranar farko kati, rana ta biyu hoton ƙirji, rana ta uku aka ce hoton ya ɓata, a sake. Likitan Ba’indiye ne, Kawu ke fassara inda Turancina ya gaza. Ya ce zuciya tana da ƙofofi, kowace tana barin jini ya wuce ta hana shi komowa, kamar bawul ɗin tayar keke. Tawa ɗaya ta lalace, ba ta buɗewa sosai, ba ta rufuwa sosai. Sai ya tambaya ko na taɓa ciwon maƙogwaro da kumburin gaɓoɓi ina ƙarami. Da na ce e, ya girgiza kai ya ce daga nan abin ya faro. Ya ce da an yi mini allurar fanisilin a lokacin, da wataƙila ba mu haɗu ba. Allurar da a lokacin ba ta kai kuɗin kaza ba.

Ya ce magani zai rage kumburi, amma ƙofar sai an canza ta, kuma ba a nan ba.

Wata biyar na yi a kwance a asibitin Kano. Lokacin kuɗin man fetur ya fara shigowa, gwamnati kan tura ɗalibi marar lafiya waje neman magani idan likitoci sun sa hannu. Kawu ya ɗauki fayil ɗina yana hawa bene yana sauka. Yau mai sa hannu ya tafi rangadi, gobe an ce a kawo hoto huɗu, jibi an ce hotunan sun yi duhu. Na gode wa gwamnati, don ko gidanmu da gonakinmu aka sayar ba za su kai ni bakin jirgi ba. Amma a gadon da ke kusa da nawa akwai wani yaro daga wajen Kafin Hausa mai irin ciwona, wanda ba shi da kawu akawu. Shi nake yi wa ƙaryar kifaye yana dariya yana tari. Wata safiya bayan an kai ni awo na dawo na tarar an naɗe katifarsa. Ban yi ƙarya ba har kwana biyu.

Baba ya sayar da sa ɗaya daga cikin na noma, aka yi mini fasfo da rigar sanyi, muka tashi zuwa Ingila ni da Kawu.

Labarin Ingila na ba da shi iri goma sha biyu, ga na gaskiyar. Sanyi, da dankali marar gishiri, da nas-nas masu kirki da ke kirana da suna kamar sun san ni. Ranar aiki aka yi mini allura aka ce in ƙirga. Na kai huɗu. Na farka da roba a maƙogwaro, da ƙishirwar da ban taɓa ji ba, da nauyi kamar an ɗora mini turmi a ƙirji. Kawu yana tsaye da carbi, idanunsa jajur. Sai na ji wani abu, ƙyas, ƙyas, ƙyas. Na zaci agogon Kawu ne. Ya nuna mini hannunsa, babu agogo.

Mako na farko tari shi ne azaba, ga wata mata da aikinta kenan, ta zo kullum ta ba ni matashi in rungume ta ce in yi tari. Mako na biyu na taka zuwa taga. Mako na uku na hau matakala goma ban tsaya ba, na tsaya a sama ina jan iska, tana shiga har ƙasa. Wanda bai taɓa rasa numfashi ba ba zai gane daɗin wannan ba.

Ranar sallama likitan da ya yi aikin ya zaunar da mu. Ya ce abu uku. Ƙwaya ɗaya kullum har ƙarshen rayuwa. Awon jini duk wata a Kano, don a san ko ƙwayar ta yi yawa ko ta yi kaɗan. Na ukun kuma, har yau ina jin sa yadda Kawu ya juya shi: “Mun tsinka jininka da gangan don kada ya yi guda a jikin ƙarfen. Abin da zai zama ƙwarzane ga wani, kai zai iya kai ka kabari. Kada aska ta taɓa ka.” Ya ba ni kati da aka rubuta duk wannan da Turanci.

Yanzu ku bi ni a hankali ku ga yadda saƙo ke ɓacewa a gidan mutunci. Da muka dawo, Kawu ya zauna da Baba a zaure ya zayyana masa komai. Baba ya saurara kansa a ƙasa, don zancen ɗan fari ake yi, ya ce Allah ya saka da alheri. Da ya shiga gida abin da ya iya ce wa Inna shi ne, “Yaron nan, a riƙa ba shi maganinsa.” Kawu ya shiga ya durƙusa ya gai da Iya, amma surukar yayarsa ce, ba zai zauna yana koya mata riƙon jika ba. Washegari ya koma bakin aiki. Katin kuwa yana cikin akwatina, a gidan da ni kaɗai ke karanta boko. Iya, wadda a ɗakinta nake kwana, daga hannunta nake ci, ba ta da inda za ta ji dokar likita sai daga bakina.

Bakina kuma yana can yana aiki. Na ce an ciro zuciyata an ajiye a faranti tana tsalle, sai da nas biyu suka danne ta. Na ce agogo aka sa mini, in na mutu za a ciro a ba Liman. Na ce ƙarfen yana kama gidan rediyo in na fuskanci gabas. Yaran unguwa suka riƙa layi suna kawo goruba da aya don su kara kunne a ƙirjina. Iya tana daga gefe tana kaɗi tana cewa, “An kai maƙaryaci Ingila an dawo da shi da inji.”

Wata uku na farko na je awon jini. Sai damina ta yi ƙarfi, kogi ya cika ya haura gonaki, hanya ta yanke a wurare biyu. Baba da duk mazan gida suna fadama suna ceton abin da ya saura. Wata ya wuce, na biyu ya bi. Ni kuma ina jin ƙarfi, ina shan ƙwayata, na ce awo ya jira. Ban san ƙwayar ta fara yi mini yawa ba. Na ga dai in na yi asuwaki dasashina na jini. Sai wasu tabo baƙi-baƙi suka fara fito mini a cinya da baya, ba tare da na bugu ba.

Wata safiya na tuɓe riga ina shan hantsi, Iya ta gani.

“Maigida, juyo. Me ye wannan a bayanka?”

“Tambarin Ingila ne, amarya. Duk wanda ya je sai an buga masa.”

Ta shafa, ta danna. “Mataccen jini ne. Sun tsaga ka sun ɗinke, ba su fitar da jinin ciwo ba. Ga shi yana neman hanya. Kakanka in ya tashi daga jinya sai an yi masa ƙaho kafin ya koma gona.” Ta aiki yaro ya kira Wanzam Ilu.

Na ce, “Iya, likita ya ce kada aska ta taɓa ni.”

“Shi da ya ce rediyo na ƙirjinka?”

“Wallahi wannan da gaske ne.”

“Jiya ma wallahi ka ce, a kan Baturen da ya ba ka ’yarsa ka ƙi.”

Ina dariya nake faɗa, wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai. Ban san yadda ake yi wa Iya magana ba dariya ba. Fuskata ba ta iya ba. Inna tana bakin murhu tana jin mu, ta ɗago ta dube ni, ta mai da kai. Uwa ba ta sa baki a kan ɗan fari a gaban uwar miji, balle ita ma ba ta san dokar ba.

Wanzam Ilu ya yi sallama ya shigo da zabirarsa. Habu da wasu abokaina biyu suka biyo shi, don sun zo jin labari. Iya ta ce, “Ku zo ku ga jarumin naku. An tsaga ƙirjinsa da zarto bai yi kuka ba, in ji shi, amma ga shi yana rawar jiki a kan askar Ilu.”

Suka fashe da dariya. Wanzam ya ce, “Haba angon Iya, ni na cire maka beli, ni na yi maka kaciya. Tsaga goma sha biyu ce ƙanana, ko kaza ba za ta ji ba.”

Kamata ya yi in tashi in ɗauko katin in karanta musu. Ko in ruga fadama wurin Baba. Amma Habu yana kallona, kuma a raina na ce Bature bai san ƙaho ba, manyan raunuka yake nufi. Na juya baya na zauna a kan turmi.

Ya kafa ƙaho huɗu ya zuƙe, ya toshe, ya jira fata ta taso. Ya cire, ya tsattsaga, ya mayar. Ina ta ba su labarin jirgin sama. Can ya ciro na farko don ya juye a ƙasa ya nuna wa Iya gudan jinin, yadda aka saba. Babu guda. Abin da ya zubo tsararo ne kamar zoɓo. Ya ciro na biyu, haka. Ya goge bayana da tsumma, kafin ya ɗaga hannu ya sake jiƙewa. Ya barbaɗa garin maganinsa, jini ya wanke shi. Na ji ɗumi yana bin bayana yana shiga wando.

Labarina ya tsaya da na ji muryar Wanzam ta canza. Ya ce, “Iya, shekara arba’in ina wannan sana’a, ban taɓa ganin jinin da ya ƙi kama jikinsa ba. Me yaron nan yake sha?”

Iya ta ce, “Ƙwayar asibiti ce, guda ɗaya.”

Na ce, “Ta tsinka jini ce. Shi ne abin da nake faɗa.” A karon nan ba dariya, don ƙasa ta fara juyawa.

Zan faɗi alherin Wanzam Ilu a nan. Bai tsaya kare sana’arsa ba, bai ce a jira a gani ba. Ya warware rawaninsa ya naɗe ni da shi tamau, ya ce wa Habu ya ruga ya aro kurar ɗaukar kaya wurin masu itace, ɗaya kuma ya ruga fadama. Aka kwantar da ni rub da ciki a kan kurar. Dattijon nan ya hau ya danne bayana da tafukansa biyu, haka aka tura mu cikin taɓo har asibiti, kansa ba hula. Bawul ɗin kuwa yana ta sauri, ƙyas-ƙyas-ƙyas, kowa na ji.

Inna ce ta tuna akwatina. Ta fasa kwadon da taɓarya, ta kwaso duk takardun da ke ciki don ba ta san wacce ba ce, ta biyo mu da su a ɗaure a gefen zane. Malamin asibitin ya zaro katin ya karanta, ya dubi Wanzam, ya dubi Inna. Aka yi mini wata allura, aka ɗaure raunukan, aka ce na zubar da jini da yawa, sai an ƙara.

A garinmu mutane na tsoron ba da jini, suna cewa wanda aka ɗebi nasa ba ya sake ƙarfi. ’Yan uwa da suka taru kowa ya fara duban ƙasa. Sai ga Baba, taɓo har gwiwa. Bai dubi gadon da nake ba. Ya naɗe hannun riga ya ce wa malamin, “A gwada nawa. In ya yi, a ɗebi abin da zai ishi yaron nan.” Nasa ya yi daidai da nawa. Kafin la’asar jinin ya tsaya.

Kwana shida na yi. Iya ba ta shigo ɗakin ba ko sau ɗaya. Habu ya ce kullum tana gindin darbejiyar da ke bakin asibiti tun safe, da ƙwaryar kunu, sai ta ba wani ya miƙo. Da aka sallame ni na shiga ɗakinta na ce, “Amarya, maigida ya dawo, ina shimfiɗa?”

Ta ce, “Sannu, Adamu. Ya jikin?”

Tiyatar Ingila ba ta ba ni tsoro kamar wannan gaisuwa ba. Mako uku tana kirana Adamu. Tana zuba mini man shanu ban roƙa ba. In na tsokane ta sai ta ce Allah ya ba ka lafiya. Ta daina cin abincin kirki, ta daina kaɗi. Ta kwashe duk wata wuƙa da allura daga ɗakin, ta hana ni ko ɓare rake. Na ga tsohuwar nan tana ƙanƙancewa a gabana, na rasa ta inda zan kama ta.

A kwanakin na yi tunani fiye da duk wanda na yi a rayuwata. Na nemi mai laifi na rasa wanda zan ɗora wa shi kaɗai. Kawu ya faɗa wa wanda ya kamata. Baba ya yi kunyar da aka koya masa. Iya ta yi abin da ta ga ya tashi mijinta daga jinya. Ni kuma na kashe gaskiyata a kan goruba da aya, ranar da na buƙace ta babu ko ƙwaya. Abin da zan ce wa masu jinya shi ne, dokar likita a faɗe ta a tsakar gida, da Hausa, a kunnen wadda ke dafa wa majinyaci abinci, kuma babba ya faɗa. Yaro mai ciwon maƙogwaro da zazzaɓi a kai shi a yi masa allura. Wanzam Ilu ma yanzu ba ya kafa wa kowa ƙaho sai ya tambaya ko yana shan ƙwayar asibiti.

Da hanya ta buɗe, lokacin awo ya yi, na je zaure na durƙusa gaban Baba na ce ina so Iya ce za ta raka ni Kano. Ya ce wa bango, “A tambaye ta.” Iya ba ta taɓa hawa jirgin ƙasa ba. Ta ɗaura zanenta na saƙi, ta zauna a ciki ta riƙe benci da hannu biyu har Kano.

Muka dace da wani sabon likita, Bahaushe. Ya karanta takardar da aka haɗo ni da ita, ya duba bayana, ya rage mini ƙwaya. Sannan ya jawo kujera ya zauna gaban Iya ya gaishe ta kamar uwarsa.

Ta ce, “Ɗana, tambaya ɗaya na zo yi. Ni ce na so kashe shi?”

Ya ce, “Iya, kafin ranar, wa ya gaya miki aska ba ta taɓa shi?”

Ta nuna ni da haɓa.

Ya dube ni. “Kai ne mai rediyo a ƙirji? Labarinka ya riga ka zuwa.” Ya juya gare ta. “Ko ni ne, Iya, ba zan yarda da shi ba. Mu ne muka rubuta da Turanci muka ba yaro, muka bar mai riƙonsa a duhu. Yau ke zan gaya wa.”

Ya sa mata abin awo a kunne ya ɗora a ƙirjina. Ta runtse ido ta daɗe tana ji. Ya yi mata bayanin ƙofar, da ƙarfen, da dalilin tsinka jinin, da ma’anar baƙin tabo in ya sake fitowa: ba ƙaho yake nema ba, Kano yake nema. Ya faɗi dokokin uku, ya sa ta maimaita. Ta maimaita ba ta tsallake ko ɗaya ba, har ta tambaye shi aski fa, ya ce da almakashi. Ta tambayi rake, ya ce ya sha abinsa, a dai ɓare masa.

A jirgin komawa ta saki bencin, ta sayi dafaffiyar gyaɗa a wata tasha tana ci. Na bari mun yi nisa, gonakin gero suna wucewa, sannan na gyara murya.

“Iya, akwai abin da likitan ya gaya mini da Turanci lokacin da kike ɗaura mayafi. Ya ce in ba a ba ni kaza kullum ba, bawul ɗin tsatsa zai yi.”

Ta ɓare gyaɗa ta jefa a baki, ta tauna a hankali, tana kallona tun daga kunne har ƙafa.

“A gabana ya yi maganarsa, angon banza, kuma da Hausa. Guda uku ce. Babu kaza a ciki.”